Kurakuran da mu iyaye Kirista muke tafkawa in yara sun zo da tambaya a kan bangaskiya

Ina zaune ina tsince shinkafa 'yata ta dawo daga makaranta, lokacin tana aji biyu a ƙaramar sakandare, ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "Mama, wai da gaske alloli uku muke bauta wa?" Ƙawarta ce ta faɗa mata a lokacin tara. Ni kuma da bakina na ce wa ya faɗa miki wannan shirmen, wuce ki cire yunifom. Ta wuce. Ba ta ƙara ɗago maganar ba, ni har na manta, sai bayan watanni na same ta da wayar yayanta tana kallon bidiyon muhawara a YouTube, irin wanda ake ta ihu ana jifan juna da ayoyi. Toh ku duba fa, shekara da shekaru ina koyar da yaran mutane a Makarantar Lahadi amma tawa ta zo da tambaya na kore ta.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu, ɗaukar tambaya a matsayin rashin kunya, wasu ma har su ce aljani ne ya shiga yaron a kai shi wajen fasto a yi masa addu'a. Haba 'yan'uwa. Yahaya Maibaftisma da kansa, wanda ya yi wa Yesu baftisma, da ya ji wuya a kurkuku ai aikawa ya yi a tambayo ko shi ne mai zuwan ko a jira wani, ku duba Matiyu 11, Yesu bai ce masa ya ja da baya ba, cewa ya yi a koma a faɗa masa abin da ake gani ake ji, bayan 'yan saƙon sun tafi ma sai ya shiga yabonsa a gaban taro. Toma kuma da ya yi shakkar tashin Yesu, an nuna masa hannu da kuiɓi. In yaro ya tambaya, ajiye abin da kike yi ko na minti biyu ne, ki ce masa zauna, wa ya faɗa, kai me kake gani? Sau da yawa kafin ki ba da amsa za ki gane ba ilimin tauhidi ne ya dame shi ba, dariyar da aka yi masa a aji ce.

In kuma ba ka san amsar ba, Baba, kada ka ƙirƙiro. Ka ce ban sani ba amma zuwa Lahadi zan nemo, sannan ka nemo ɗin da gaske. Yaran yanzu suna da data, in ka yi musu ƙarya sau ɗaya suka kama ka shikenan, har gaskiyar da ka faɗa a baya za su fara yi mata kallon hadarin kaji.

Sai sakin komai wa coci. Mun kai su Makarantar Lahadi, mun saya musu yunifom ɗin Boys' Brigade da Girls' Brigade, in sun shiga bodin akwai ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, sai mu kaɗe hannu. Sati ɗaya awa 168 ne, Makarantar Lahadi da ƙyar take kai awa ɗaya, a ciki ma akwai waƙa da baiko da raba faɗa. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 da iyaye take magana, a koya wa 'ya'ya ana zaune a gida, ana tafiya a hanya, da kwanciya da tashi. Kuma iyaye maza ku yi haƙuri zan faɗa, ku kun fi sakin abin, kun bar wa 'yan Zumuntar Mata kamar wani aikin girki. Ba sai an yi doguwar sujada ta awa biyu yara suna gyangyaɗi ba, minti goma bayan tuwon dare ya isa, a karanta ɗan guntu, a bar kowa ya faɗi abin da bai gane ba.

Akwai wani kuma da ban cika jin ana magana a kai ba, wato harshe. Yaranmu da yawa, musamman na cikin gari irin su Kaduna da Jos da Abuja, haddar aya da Turanci suke yi, su tsaya gaban ikilisiya su zubo Yahaya 3:16 kamar rediyo a tafa musu. Amma tambayar da za ta same su a layi ko wajen ɗiban ruwa ko a filin ƙwallo da Hausa za ta zo. Yaro ya san kalmar da Turanci amma ka ce ya faɗa maka menene alheri, menene fansa, menene tuba, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Gyaran mai sauƙi ne, duk ayar da ya haddace ka sa ya maimaita maka ma'anarta da bakinsa, da Hausa ko da yaren gida, Tyap ne ko Berom ko Ngas ko Bura ko Tangale. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu da shi suka koyi karatu, yanzu har a waya akwai shi kyauta, ba mu da hujja.

Yanzu bari in daɗe a kan wadda ta kayar da ni, maganar Triniti, wato koyarwar cewa Allah ɗaya ne, Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Mu malaman Makarantar Lahadi mu ne muka fi ɓata wannan da misalai. Wani ya ce kamar ƙwai ne, ɓawo da fari da gwaiduwa. Wata ta ce kamar duwatsun murhu guda uku da ke ɗauke da tukunya ɗaya, wannan ni ma na sha faɗa don yana da daɗin ji. Amma ku lura, dutse ɗaya ai ba murhu ba ne, kashi ɗaya cikin uku ne, kenan mun koya wa yaro cewa Uba sulusin Allah ne, wanda ba haka Ikilisiya ta koyar ba. Wani kuma ya ce kamar ruwa ne, ya zama ƙanƙara ya zama tururi, ko kamar mutum ɗaya da yake uba a gida, malami a makaranta, dattijo a coci. Wannan kuma ya mayar da abin kamar Allah yana canza riga ne, toh a Kogin Urdun ranar baftismar Yesu, da Ɗa yake cikin ruwa, Ruhu ya sauko kamar kurciya, murya ta fito daga sama, wa ke magana da wa? Yaro mai wayo zai kama ka a nan.

Abin da ya fi, a fara daga inda Yesu ya fara. Da aka tambaye shi doka mafi girma a Markus 12:29 cewa ya yi Ubangiji Allahnmu ɗaya ne. Yaro ya riƙe wannan da ƙarfi tukuna: mu ba mu da alloli uku, duk wanda ya ce uku ne ba koyarwar Kirista yake faɗa ba. Sannan a nuna masa cewa wannan Allah ɗayan ya bayyana kansa Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kowanne cikakken Allah ne, kuma Uba ba shi ne Ɗa ba. In ya ce Mama ban gane duka ba, ki ce ni ma haka, Allah ba shi da misali a cikin halitta ai. Haka maganar Ɗan Allah, yara da yawa a zuciyarsu suna zaton aure aka yi aka haihu, kuma abin da abokansu suke ƙyama kenan, mu ma muna ƙyamarsa. Luka 1:35 ta faɗi yadda aka yi cikin Maryamu ta ikon Ruhu Mai Tsarki, kuma Yahaya 1 ta nuna Kalman, wato Yesu, yana nan tun kafin Maryamu. Hausa ma ta taimake mu kaɗan, in an ce ɗan Kano ba wanda yake zaton Kano ta yi naƙuda. Wannan ba ya bayyana asirin, yana dai cire wancan mummunan hoton daga kan yaro.

Wani kuskuren shi ne cika baki. Yaro ya zo ya ce an ce an canza Baibul, sai mu ce ƙarya ne, ko wasali ɗaya babu bambanci a ko'ina. Ranar da ya buɗe Baibul ɗinsa ya ga ɗan rubutu a ƙasan Markus 16 cewa aya 9 zuwa 20 babu su a wasu tsofaffin kofi, ko labarin matar da aka kama da zina a farkon Yahaya 8, ko ya ga na abokinsa ɗan Katolika littattafai 73 nasa kuma 66, ranar zai ce ashe Baba ɓoye min ya yi. Gara ya ji daga bakinka. Ka faɗa masa da hannu aka riƙa kwafa ɗaruruwan shekaru kafin injin buga littafi, masu kwafa sun yi 'yan kurakurai, kuma dalilin da ya sa muka san wuraren shi ne kofin suna da yawa ana gwada su da juna, masu fassara kuma ba su ɓoye ba, su suka rubuta a ƙasan shafi. Kofin Helenanci na Sabon Alkawari da aka rubuta da hannu sun haura 5,000. Akwai wani tsohon kofi mai suna Codex Sinaiticus na ƙarni na 4, yawancinsa yana ɗakin karatu na Birtaniya a Landan, an ɗora hotunansa a intanet kowa zai iya gani. A 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, a ciki har da littafin Ishaya kusan cikakke wanda aka rubuta kafin haihuwar Yesu. Bambancin 66 da 73 kuma a Tsohon Alkawari yake, Sabon Alkawari 27 ne wajen kowa. Kan gicciye ma, ban da Linjila huɗu da 1 Korantiyawa 15, wani marubucin tarihi na Roma mai suna Tasitus, wanda ba Kirista ba ne, ba ya ma son Kirista, ya rubuta cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus zamanin Sarki Tibariyas. Yaron sakandare zai iya riƙe waɗannan tsaf, ai suna haddace sunayen 'yan ƙwallon Arsenal har da na benci.

Sai wanda ya fi ba ni tsoro, mu koya wa yaro kare bangaskiya ya zama zagi. 1 Bitrus 3:15 da muke ta ambata cewa a zauna a shirye a ba da amsa, ƙarshenta cewa ta yi da tawali'u da ladabi, wannan ɓangaren muke tsallakewa. A wurin da muke zaune magana a kan addini ba wasa ba ce, kowa ya tuna abin da ya faru a Sakkwato a watan Mayun 2022, inda aka kashe wata ɗaliba daga saƙo a guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji. Babu abin da ya halatta kisa, amma ni uwa ce, dole in faɗa wa nawa ƙarara: ka faɗi abin da ka gaskata, kada ka taɓa annabin wani ko littafin wani da baƙar magana, a baki ko a waya, in ka ga magana ta fara zafi ko an taru a kanka ka ce mu bar shi haka ka tafi, ba tsoro ba ne. Kuma a daina koya musu ƙarya a kan maƙwabta. Musulmi suna girmama Annabi Isa, sun yarda budurwa ce ta haife shi, inda muka rabu shi ne allahntakarsa da gicciye da tashi. Yaron da ya san wannan zai yi magana da abokinsa cikin natsuwa. In kuma a gida yana jin irin sunayen da muke kiransu in an rufe ƙofa, da su zai fita.

Ga kuma masu yi wa yara alkawarin da Allah bai yi ba, wai in kana addu'a kana ba da zakka ba abin da zai same ka. Sai a kashe kawunsa a gona ko a ƙone musu coci, yaro ya ce ina Allah yake? Kada a rufe masa baki da "kar ka tambayi Allah". Habakuk ya tambaya, Zabura 13 da har yaushe ta fara, Ayuba kuwa ba a magana. A karanta masa su, a yi kukan tare in ya kama.

Ita 'yar tawa daga baya na kira ta kicin na ba ta haƙuri, na ce tambayar nan da kika yi min ranar, sake yi. Muka buɗe Markus 12 muka karanta, na yi mata bayani iya iyawata ba tare da murhu ba. Ta yi shiru can ta ce, "Toh Mama, da Yesu yake addu'a a Getsamani, da wa yake magana?" Na ce da Uban. Ta ce akwai saura, ta rubuta su a bayan littafin lissafi, guda bakwai ne. Mun gama huɗu, ta biyar a kan mutanen da suka mutu ba su taɓa jin bishara ba ce, na ce ta ba ni zuwa Lahadi.