Yadda Ake Gane Gahawar da Aka Saya Daga Hannun Manomi

Mutumin Maradi ba sai an yi masa bayanin abin da ke faruwa tsakanin gona da kasuwa ba, domin ya sha ganin yadda ake karɓe aya da wake da araha a lokacin kaka, kana tiya ta yi tsada da bazara. Manomin gahawa, wadda muke kira kafe a teburin mai shayi, shi ma da irin wannan yake fama, sai dai shi farashin amfaninsa a Niyok da Landan ake yanka shi. Saye kai tsaye yana nufin mai gasa gahawar ya yi ciniki da manomi ko ƙungiyarsu ba tare da jerin dillalai ba, ya kuma biya shi bisa ingancin kayansa.

Abin da za ka fara yi, ko daga Yamai ko Kano aka kawo maka ita, shi ne karanta jikin ledar. Sunan ƙasa kaɗai bai wadatar ba. Idan an rubuta Habasha, nemi yankin, kamar Yirgacefe ko Sidama ko Harar, sannan sunan gonar ko ƙungiyar manoman da shekarar girbi. Babu wata hukuma da ke tantance wannan ikirari na saye kai tsaye, kowa yana iya buga shi a ledarsa, saboda haka ka tambayi mai sayarwa nawa aka biya manomin. A ganina, wanda ya yi ta kame-kame a kan wannan tambaya bai cancanci kuɗinka ba.

Irin wannan gahawa tana da tsada, amma tsadar tana da dalili. Itacen arabika, wato wani nau'in gahawa, yana son tudu mai sanyi, irin na Habasha da Ruwanda da tsaunin Mambila a jihar Taraba, kuma yakan yi shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara 'ya'ya. Da hannu ake tsinke jajayen da suka nuna a bar ɗanyun, a sake dawowa bayan kwanaki, kuma sai an tara wajen kilo 5 zuwa 6 na 'ya'yan kafin a sami kilo 1 na busasshiyar ƙwaya. Masu ɗanɗano ba sa kiranta ta musamman sai ta ci maki 80 cikin 100.

Duba ranar da aka gasa ta, ka ɗauki wadda ba ta wuce wata biyu ba, kuma ka sayi ƙwaya maimakon gari, domin a zafin watan Afrilu gari ba ya jimawa ƙamshinsa ya gudu. Zuba ta a gwangwani mai murfi, nesa da rana da kayan yaji.

Idan ba ka da injin niƙa, ƙaramin turmi ya isa, muddin bai taɓa ganin barkono ko daddawa ba. Daka iya abin da za ka sha a lokacin, kada ya yi laushin garin tuwo. Auna giram 60 ga lita 1, ka sauke ruwan bayan ya tafasa, ya huce na minti 1, ka zuba, ka rufe na minti 4, sannan ka tace. Kurɓin farko ka yi shi ba sukari ba madara, don ka ji ɗan tsamin nan mai kama da na lemo wanda aka san gahawar Yirgacefe da shi.