Yadda zaka tuƙa keke a bakin tekun Zeeland ba tare da iska ta karya ka ba

Duk wanda yaji ance ƙasar Holan a shimfiɗe take kamar tabarma, abinda yake fara zuwa ransa shine ai tuƙa keke a nan shan ruwa ne, ba hawa ba gangara. Toh gaskiya ne kusan babu tudu, amma akwai iska, kuma a bakin teku iskar nan ita ce tudunka. Shi tudu kana hango ƙarshensa ka daure ka haye, ita kuwa iska idan ta tare ka ta gaba zaka iya yin awa uku kana taka feda kamar kana jan amalanke, ba inda zaka ce ga inda zata ƙare. Shi yasa duk shirin da zaka yi na wannan tafiya, daga iska zaka fara, sauran abubuwan duk bayanta suke bi.

Hanyar da nafi sani kuma nake so ɗan'uwa ya fara da ita tana lardin Zeeland, can kudu maso yammacin ƙasar kusa da iyakar Beljiyam. Ka tashi daga Vlissingen, ka bi gaɓar Tekun Arewa ta Zoutelande da Westkapelle da Domburg, ka haye babbar madatsar Oosterschelde, ka juya gabas zuwa Zierikzee, sannan ka tsallaka gadar Zeelandbrug ka sauka Goes ka hau jirgin ƙasa. Duka wajen kilomita 90 ne. Dalilin da yasa nace daga Vlissingen zaka fara ba daga Goes ba, yawancin kwanakin shekara iskar nan daga kudu maso yamma take busowa, kaga idan ka nufi arewa maso gabas tana bayanka tana tura ka. Amma kar ka dogara da "yawanci", da daddare kafin ka kwanta ka buɗe Buienradar, manhajar hasashen yanayi, ko shafin KNMI, hukumar yanayi ta ƙasar, ka duba abu biyu, daga ina iskar take da kuma ƙarfinta. Su da lamba suke aunawa. Lamba 3 daɗi ce, 4 zaka ji ta a ƙafa, 5 aiki ne sosai idan ta gaba take, daga 6 zuwa sama dan Allah ka haƙura ka bari sai wata rana. Idan kuma kaga ranar daga arewa ko gabas take zuwa, shikenan ka juya hanyar, ka fara daga Goes ka ƙare a Vlissingen.

Jirgin ƙasa yana ɗaukar keke amma sai ka sayo masa tikitinsa daban, kuma ranakun aiki ba a shiga da shi lokacin cunkoso, wato 6:30 zuwa 9:00 na safe da 4:00 zuwa 6:30 na yamma. Asabar da Lahadi ba wannan matsalar. Ka nemi ƙofar da aka zana hoton keke a jikinta.

Batun keken kansa, ba sai mai tsada ba, keken tsere na talaka ma ya isa in dai birki na ci kuma sarƙa ta sha mai. Taya mai faɗin milimita 28 tafi min 25 a wannan hanya saboda cikin ƙauyukan ba kwalta bane, bulo ne aka jera, yana girgiza hannu kuma idan an yi yayyafi yana santsi. Kar ka cika mata iska har ta zama dutse. Ka ɗauki tiyub biyu da ƙaramin famfo da faci da sholisho, don a nan ba kamar gida bane da zaka tura keke ɗan gaba kaɗan ka samu mai faci a gindin bishiya, shagon gyara yana cikin gari kuma yawancinsu Lahadi a rufe suke. Ƙararrawa dole ce a doka, fitila fara a gaba ja a baya idan duhu yayi, riƙe waya a hannu kana tuƙi kuwa an hana tun 2019 kuma tara ake ci. Hular kwano doka bata tilasta ba, zaka ga tsofaffi da yara ba ko ɗaya a kansu, amma kai da kake gudun kilomita 30 a awa ka saka abinka.

Kaya kuma su kama jiki. Riga mai faɗi a cikin iskar teku buhu ce, tana cika tana ja ka baya. Ka saka 'yar rigar iska mara nauyi a aljihu ko da rana ta buɗe tas, saman madatsar nan ko a watan Yuli sanyi yake idan gajimare ya rufe.

Ba zaka ɓata ba idan ka gane tsarin lambobinsu. Kowace mahaɗar hanyar keke tana da lamba, an rubuta ta cikin da'ira a ɗan allo fari da kore, kuma a kowace mahaɗa akwai kibiya da ke nuna maka lambobin da ke gaba. Wani injiniyan ma'adinai ɗan Beljiyam, Hugo Bollen, shi ya ƙirƙiro tsarin, Holan ta ɗauka ta baza ko'ina. Abinda nake yi shine in jera lambobin hanyata a ɗan selotef in manna a kan keke, in na wuce ɗaya in duba ta gaba, ba ruwana da ciro waya. Allo shuɗi zagayayye mai hoton keke yana nufin dole nan zaka bi, ba titin mota ba. Fararen alamun nan masu kusurwa uku da ake zanawa a ƙasa kamar haƙora, idan tsininsu kai yake kallo toh kai zaka tsaya ka bada hanya. Inda ba alama, na dama ke da hanya.

Kashin farko daga Vlissingen zuwa Westkapelle iskar ta gefen hagu take dukanka, ka riƙe kan keke da kyau musamman inda tudun yashi ya yanke iska ta faɗo kwatsam. Kar kayi sauri a nan, jiki bai yi zafi ba, kuma akwai abin kallo, manyan jiragen ruwan da ke shiga tashar Antwerp ta Beljiyam dab da gaɓa suke wucewa har kaga kamar zaka taɓa su. A Westkapelle zaka hau kan ganuwar da ta tare teku, wadda jiragen yaƙin Ingila suka fasa da bam a Oktoban 1944 lokacin yaƙin duniya na biyu don ruwa ya kori sojan Jamus daga tsibirin Walcheren, wato yankin nan da kake ratsawa, har yanzu akwai tankar yaƙi a ajiye a saman. Daga nan hanya ta lanƙwasa, iska ta koma bayanka, wallahi zaka ji kamar an sa wa keken inji. Toh nan ne mutane suke yin kuskure, daɗi ya ɗebe su suyi ta dannawa su ƙarar da ƙarfinsu, sun manta akwai gada a gaba. Ka bar iska tayi aikin, kai dai ka juya ƙafa a hankali ka ci dabino ka sha ruwa. Ka kula da 'yan sandunan da ake kafawa a tsakiyar hanyar keke, da yashin da iska ke kwasowa ta zuba a kwana, da masu yawon buɗe ido a kan kekuna masu batir, a Yuli da Agusta tsakanin Domburg da Vrouwenpolder cike suke. Ka kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, ka wuce ta hagu.

Madatsar Oosterschelde ita ce zuciyar tafiyar, kuma ina roƙonka ka tsaya a kanta ko minti goma ne. A daren 31 ga Janairu wayewar 1 ga Fabrairun 1953 teku ya fasa ganuwoyi ya shiga garuruwa mutane na barci, mutum 1,836 suka rasu a Holan, da yawansu a lardin nan na Zeeland. Wannan ne yasa aka gina madatsun, ita wannan tsawonta kilomita 9, ƙofofin ƙarfe 62, Sarauniya Beatrix ta buɗe ta a 1986. Ƙofofin a buɗe suke kullum ruwa na shiga yana fita, sai an hango guguwa ake sauke su. Idan ka leƙa ƙasa lokacin da ruwa ke ja zaka ji ƙugi kamar na kogi a tsakiyar damina. A kan wannan madatsar ne ma suke gasar tuƙa keke gaba da gaba da iska, da keke mara giya, sai iska ta kai lamba 7 ake yi. A tsakiya akwai tsibirin Neeltje Jans, nan nake cin abinci in yi azahar, da bazara sai wajen ƙarfe 2 saura take shiga, magariba kuwa a watan Yuni har kusan 10 na dare, kaga lokaci yana nan ba abinda zai sa ka gaggawa. Abinci ka tsaya a kan kifi, soyayyen nan da suke ce wa kibbeling ana samunsa a duk gaɓar, sai dai ka tambaya ko akwai barasa a ƙullun da aka tsoma shi, wasu suna sawa. Ruwan famfo mai kyau ne, ka cika gorarka duk inda ka samu.

Wani abu da ba kowa ke faɗa ba, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba gangarar da zaka saki feda ka huta, zama ɗaya kake yi na awanni, sai mazaunai su yi tsami hannu ya mutu. Duk bayan minti 15 ko 20 ka miƙe tsaye a kan feda na ɗan lokaci, ka sauya inda ka riƙe.

Daga madatsa zuwa Zierikzee gonaki ne na albasa da dankali da alkama, da tumaki a kan ganuwa. Idan da kaka ka je, taraktoci suna zubar da laka a hanya, santsinta ba kaɗan ba. Zierikzee ba tashar jirgin ƙasa, don haka ka tabbatar ka ci wani abu a nan kafin gada.

Zeelandbrug kilomita 5 ce a miƙe ɗoɗar a kan ruwa, tun 1965 take, kuma yanzu ka fuskanci kudu, iskar da ta yini tana tura ka ta dawo fuskarka, ba bishiya ba gini. Ka rage giya har ƙafarka ta riƙa juyawa da sauƙi, ka kama ƙasan kan keken ka sunkuya, gwiwar hannu a matse, kar ka kalli lambar gudu don zata ɓata maka rai ne kawai. Idan ku biyu ne ko uku ku jera ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya ja minti biyu ya koma baya, wanda ke laɓe a baya yana samun sauƙi sosai. Kuna sauka daga gadar hanya ta ɗan karkata gabas, abin ya lafa, sauran zuwa Goes ba wuya.

Ka isa gida kar ka jingine keken ka kwanta. Gishirin teku da yashi sun shiga sarƙa da birki, ka wanke da ruwa a daren, ka goge, ka ɗiga wa sarƙar mai, in ba haka ba kwana biyu zaka tarar ta fara tsatsa.