Darasi na 9: Filayar matse waya da maɓallin haɗi

In ka je kasuwar Tahoua wurin masu sayar da kayan wuta, za ka ga filaya iri-iri a shimfiɗe. Daga nesa duk kamar awartakin maƙera suke. Ɗauki ɗaya, ka buɗe, ka dubi bakinta. A baki ake gane aikin kowace.

Mai haƙora a baki ta kamun ƙarfe ce da murɗa ƙusa. Ajiye ta, ba ita muke nema ba.

Akwai wata mai ramuka a gefe, da rubutu kusa da kowane rami. Karanta: 8P, 6P. Ramin 8P na kan wayar intanet ne, wanda ake kira RJ45, mai siraran wayoyi takwas a ciki. Ramin 6P na ƙaramin kan wayar tarho ne, RJ11. Wanda ya iya karanta lambobin nan, mai kanti ba zai miƙa masa abin da bai nema ba.

Ta uku ita ce ta darasinmu. Bakinta sumul yake, ba haƙori, kuma leɓɓanta biyu suna saukowa daidai wa daida, kamar ka haɗa tafin hannuwanka. Da ita ake matse maɓallin haɗi.

Maɓallin haɗi ɗan ƙaramin abu ne na roba, girmansa bai fi ƙwayar gujiya ba. Kamfanin 3M na Amurka ne ya shahara da shi, da sunan Scotchlok. Mai hula ruwan ɗorawa, UY, yana haɗa waya biyu. Mai jar hula, UR, yana ɗaukar har uku. A ƙarƙashin hular akwai ɗan ƙarfe mai tsaga, ga kuma wani mai mai kauri kamar man kaɗanya. In an danna hular, ƙarfen ya yanka rigar wayar ya kama jan ƙarfen da ke ciki, man kuma ya rufe wurin, iska da danshi ba su samun hanya.

Saboda haka ba a feƙe wayar. Nan ne sababbin hannu ke kuskure, don sun saba da feƙewa, su murɗa, su naɗe da baƙin tef. Haɗin murɗe yakan yi aiki da rani. Amma zafin watan Afrilu yana narkar da ɗankon tef, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan farko ya sauka, jan ƙarfe ya yi kore, sai layi ya kama ƙara ko ya mutu gaba ɗaya.

Ga yadda ake yi. Yanke bakin wayoyin daidai. Tura su cikin ramukan maɓallin da rigarsu, har su kai ƙarshe. Ƙasan maɓallin garau yake, juya shi ka gani da idonka. Sa shi a tsakiyar bakin filaya, ka matse sau ɗaya da ƙarfi. Sannan ka duba ta gefe: hular ta shige, ta yi daidai da jikin? Ja kowace waya a hankali. In ɗaya ta zare, yanke maɓallin ka jefar, ka ɗauki sabo. Wanda aka riga aka matse ba ya komawa aiki.

Wani yaron shago ya taɓa ce wa maigidansa: "Maigida, ai da filayar gida ma yana matsuwa." Maigidan ya ce: "Matsa mu gani, yaro." Da ya matsa, gefe ɗaya ya shige, ɗayan ya tsaya a karkace. Filayar gida kamar almakashi take rufewa, ciki yana riga waje, shi ya sa waya ɗaya ta kamu, ɗayar ƙarfen bai ko ratsa rigarta ba. Irin wannan haɗin ne ke aiki yau, gobe ya ƙi, a yi ta zargin kamfanin waya. Masu matsewa da haƙori kuwa, ba ma sai mun tsaya a kansu ba.

Maɓallin yana da iyaka. An yi shi don siririyar waya mai jan ƙarfe sili ɗaya, irin ta tarho. UY2, wani samfurin UY, yana karɓar kauri daga milimita 0,4 zuwa 0,9. Waya mai gashi-gashi a ciki ba ta kamuwa da kyau. Wutar NIGELEC kuwa, mai volt 220, kada ka kuskura ka haɗa ta da shi, gobara ce kake kira. Kafin ka saya, leƙa ramukan ka ga mai, don akwai na jabu da ke zuwa a bushe. In haɗin a waje yake, sa shi cikin ƙaramin akwati, domin ranar da ake kwallawa a ƙasar Adar, yankin Tahoua, tana cin roba.

Aikin gida: rubuta 8P, 6P, UY da UR a littafinka, kowanne sau biyar. Mako mai zuwa malam zai kawo filaya uku da guntayen waya, kowa zai matse maɓalli biyu a gaban ƴan aji.