Yadda za ka zaɓi abin da zai kwance maka filtar mai idan ta ƙi fita

Filtar baƙin mai da hannu ake ɗaure ta, amma ba kullum hannu ke iya kwance ta ba. Yawanci abu uku ne ke jawo haka: ko wanda ya yi juyen mai na baya ya sa sufana ya ɗaure ta tamau, ko bai shafa mai a robar bakinta ba, ko kuma an daɗe ba a yi juye ba har zafin inji ya gasa robar ta manne da ƙarfe. Toh kafin ka ɗauko komai, ka sani duk abin da zai matse gwangwanin filtar ko ya huda shi a ƙarshe ake kai wa gare shi, don in ka lotsa filta tun farko ka rufe wa kanka sauran hanyoyin.

Da farko ka kunna motar na ƴan mintuna inji ya yi ɗumi, ba zafin da zai ƙona ka ba, sai ka kashe. In za ka shiga ƙarƙashi ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe, kar ka yarda da jak kaɗai. Ka ajiye sabuwar filta kusa kuma ka tabbatar ita ce daidai, saboda wasu hanyoyin da zan kawo in ka bi su motar ba za ta ƙara tashi ba sai an sa sabuwa.

Na biyu ka duba wace iri ce a motarka. Akwai ta gwangwani wadda ake murza ta gaba ɗaya, akwai kuma ta takarda da ke zaune cikin gida mai murfi na roba ko alminiyam, irin wadda ke cikin BMW da Mercedes da wasu Toyota. In mai murfi ce magana ta ƙare, abin da aka yi wa murfin shi kaɗai za ka sa. Wasu murfin suna da kan noti, soket mai lamba 27 ko 32 ko 36 ke kama su, na Toyota kuma kofi ake kifa masa, wato sufana mai siffar kofi, mai faɗin milimita 64 da gefe 14. Kar ka kuskura ka sa filaya ko sarƙa a murfin roba, fashewa zai yi.

In ta gwangwani ce, ka goge ta da tsumma tas, sau da yawa santsin mai ne kawai ya hana, ba wani ƙarfin ɗauri ba. Ka naɗa mata sanfefa ɓangaren kaushin na ciki, ko ka sa safar hannu ta roba, ka kama da hannu biyu ka murɗa. Hagu ake kwancewa, wato akasin tafiyar hannun agogo idan kana kallon gindin filtar. Wannan wurin yana rikita mutane sosai musamman in kana kwance a ƙasa ko ka miƙa hannu ta sama kana laluben ta ta baya, sai mutum ya yi ta ƙara ɗaurewa yana cewa ta ƙi.

Ta ƙi? Yanzu sai ka dubi fili. Shi ne ainihin abin da zai zaɓa maka kayan aiki: ta ina hannu ke isa gare ta, ta gindi ko ta gefe?

In gindinta kake gani kuma gefe a matse yake, kofi ne naka. Ana kifa shi a gindin filtar a sa racet, wato mariƙin da ake juya soket da shi, a juya, kuma a ganina shi ya fi kowanne tsafta don baya lalata komai. Matsalarsa dai sai ya zo daidai cif, ka ƙirga gefen da ke gindin filtar ka auna faɗinta, ko ka tafi da sabuwar ka gwada a kai. Kuma filtoci biyu na mota ɗaya daga kamfani daban suna iya bambanta a gindi, don haka wanda ya yi maka aiki bara ba lallai ya kama ta bana ba. Ka nemi na ƙarfe mai kauri, na roba buɗewa yake yi ya riƙa zamewa in filta ta yi gardama. In ya ɗan yi sako-sako ka shimfiɗa tsumma ko sanfefa a ciki ka ɗan buga shi ya zauna.

In kofi ya zame ya cinye gefen, sai abin kwance filta mai yatsu uku. Shi ma ta gindi yake shiga da racet, kuma duk yadda ka ƙara ƙarfi haka yatsun ke ƙara damƙewa, ga shi yana kama girma daban-daban. Zai lotsa gwangwanin kam, amma ai yar da ita za a yi.

In kuwa akwai fili a gefe, ga abin kwancewa mai bel, ga mai zoben ƙarfe da mariƙi, ga mai sarƙa, ga babbar filaya ta filta. Bel baya ji wa gwangwani ciwo sai dai yana zamewa in akwai mai. Sarƙa da filaya sun fi cizo, sun kuma fi saurin yaga ta. Ko wanne ka ɗauka ka kama can kusa da inji, wajen da gwangwanin ya haɗu da farantin bakinta, nan ne ƙarfinta yake, tsakiya kuwa kamar gwangwanin madara take, kana matsawa za ta lanƙwashe. Ka ja a hankali da ƙarfi ɗaya, banda fizga, kuma ka lura da wayoyi da sensa da ke kusa, in sitata na wajen ka cire kan batir tukuna.

Maganar soka sukundireba a huda ta gefe zuwa gefe, gaskiya ni bana son ta. Wani lokaci tana yi, wani lokaci kuma gwangwanin ya yage ya bar ka da baki mai kaifi da mai ko'ina. In dole ta sa, kar ka huda dab da inji don akwai bututu mai tiredi a tsakiya wanda filtar ke hawa kai. In ta yage ɗin, ka cire ragowar gwangwanin, za ka ga farantin da ƴan ramuka kewaye, ka kafa cizal a ɗaya daga ciki ka riƙa bugawa da guduma kaɗan-kaɗan zuwa hagu, kana kiyaye fuskar da roba ke zama kar ka ƙarce ta.

Da ta fito ka duba ko tsohuwar robar ta biyo ta. In ta manne a inji ka ɗora sabuwa a kai, roba biyu kenan, kuma mai zai iya tsiyayewa cikin ɗan lokaci kana tafiya. Ka goge wurin, ka shafa sabon mai a robar sabuwar filta, ka murza da hannu har robar ta taɓa, sannan ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya ko abin da aka rubuta a jikinta. Mai murfi kuma ka canza zoben robarta, yawancinsu an rubuta 25 Nm a kan murfin, wato iya ƙarfin da za a ɗaure shi. Ka zuba mai, ka kunna inji minti biyu, ka leƙa ko yana ɗiga, ka kashe ka jira kaɗan ka sake duba gejin baƙin mai.