Yadda Za Ka Gyara Ƙiftawar Idonka Don Rage Bushewar Ido

Mutane da yawa na ɗiga maganin ido safe da yamma, amma raɗaɗi da jin kamar an zuba musu yashi a ido sun ƙi tafiya. Sau da yawa laifin yana wurin ƙiftawa. Fatar ido ta sama takan sauko, ta tsaya a rabin hanya, ta koma ba tare da ta taɓa ta ƙasa ba, kuma mai idon bai sani ba.

Ga dalilin da ya sa wannan ke cutarwa. Hawayen da ke lulluɓe da ƙwayar ido ba ruwa zalla ba ne. Akwai yauƙi mai manne shi a jikin ido, akwai ruwan kansa, sannan akwai maiƙo a sama wanda ke hana ruwan saurin bushewa. Maiƙon yana fitowa daga wasu ƙananan maɓuɓɓuga da ke jere a bakin fatar ido, bayan gashin ido, kimanin 25 zuwa 40 a sama, 20 zuwa 30 a ƙasa. Likitan Jamus Heinrich Meibom ya yi bayaninsu a 1666, shi ya sa ake kiran su da sunansa. Cikakkiyar ƙiftawa ce ke matso maiƙon ta shafe idon da shi. Idan rabi ake yi, ƙasan baƙin ido ya zauna a buɗe, maiƙon kuma ya daskare ya toshe ƙofofinsa. Abin da ya fi damuna shi ne, maɓuɓɓugar da ta daɗe a toshe tana iya shanyewa, kuma da wuya ta dawo.

Fara da gano yadda kake ƙiftawa. Ka jingine waya ta ɗauki bidiyon fuskarka na minti biyu kana karatu a kwamfuta, sannan ka kalla a hankali. A zaune haka kawai mutum kan ƙifta sau 15 zuwa 20 a minti, amma in ya ƙura wa allo ido adadin kan ragu da rabi ko fiye.

Sai motsa fatar ido, wanda shi ne jigon aikin. Lumshe idanunka har fatun su haɗu, ka ƙirga biyu, ka buɗe. Sake lumshewa ka ƙirga biyu, sannan ka ɗan matse fatun ka ƙirga biyu, ka buɗe. Maimaita sau biyar. Kada ka yamutsa fuska ko ka haɗe gira. Ɗora yatsa a gefen ido ta wajen kunne: in ka ji wurin yana jan yatsanka da ƙarfi lokacin lumshewa, da naman fuska kake aikin, sai ka sassauta. Yin kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini ya fi yin mai yawa lokaci guda, domin sabo ake son canzawa, kuma yakan ɗauki makonni.

Don kada ka manta, haɗa shi da hutun allo: duk bayan minti 20, ka dubi wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ka yi lumshewar a nan.

Gyara mazauninka. Allo ya kasance ƙasa da saitin ido kaɗan, saboda mai kallon sama yana ware ido sosai. Kada iskar fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa bugun fuskarka.

Da dare, ɗora tsumma mai tsabta da ɗumi a kan idanu a rufe na minti 5 zuwa 10, kana sake ɗumama shi in ya huce. Ɗumi, ba zafi ba. Wannan na narkar da maiƙon da ya daskare, sai ka bi shi da lumshewar nan.

Kada zubar hawaye ta ruɗe ka. Busasshen ido yakan tsiyayar da ruwa don kare kansa, amma ruwan da ba maiƙo ba ya zama.

Idan idon ba ya rufuwa duka ko da barci kake, ko gefen fuska ya saki, ko akwai ciwo mai tsanani, ja, gudun haske ko raguwar gani, je wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba. Haka nan in ka yi wata guda kana wannan babu sauƙi. Zai ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa ya auna daƙiƙa nawa hawayenka ke yi kafin su tsage. Ƙasa da 10 alama ce ta matsala.