Kurakuran da muke ta yi da bakin yaranmu

Na gaji da jin "ai haƙorin yarinta ne, zai fita wani ya fito." Haƙoran farko guda 20 ne, suna fara tsirowa wajen wata 6, kuma na can ciki ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Wajen shekara 6 akwai turmin dindindin da ke fitowa a ƙuryar baki ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye su ɗauka na yarinta ne, su zuba ido har ya yi kogo.

Kogon nan ba tsutsa ke yin sa ba. Ƙwayoyin cuta ne, musamman Streptococcus mutans, suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsamin da ke zagwanyar da haƙori. Da dare miyau yana raguwa, nan suke cin karensu babu babbaka. Ɗiyar ƙanwata da fida cike da shayi take kwana. Kafin ta cika shekara uku haƙoran gaba na sama sun yi baƙi sun gutsure, fuska ta kumbura, sai da aka cire su, ta daɗe ba ta iya gatsar ko rake. Haba iyaye! Kukan dare ɗaya ne ba za ku iya jurewa ba? A gidana, in an goge baki da dare, ruwa kaɗai ya rage.

A daina tauna wa jariri abinci ko lasar cokalinsa, ta miyau ƙwayoyin ke bi. Man goge baki mai fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) kamar ƙwayar shinkafa ya isa ɗan ƙasa da shekara uku, ya tofar, kada ya kurkure. Asuwaki yana da kyau, ni dai ina haɗa shi da buroshi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne raina jinin dasashi da warin baki a yaron da ƙyanda ko tamowa ta kayar. Haka cutar da ake kira noma, mai cin naman baki da fuska, ke farawa, cikin kwanaki ta huda kumatu. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. A farkonta magani da tsafta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Kada a tsaya turare da shafe-shafe, a nufi asibiti mafi kusa ranar. Waɗanda ta riga ta ci wa fuska, akwai asibitin noma a Sakkwato da ke yi musu tiyata.