Yadda ake bi da maganin beta-bloka a makonnin farko

Duk wanda likita ya rubuta wa atenolol, bisoprolol, metoprolol, carvedilol ko propranolol, ya shiga sahun masu shan beta-bloka. Aikin magungunan nan shi ne tare sinadarin adirenalin kada ya riƙa zaburar da zuciya, sai bugunta ya lafa, hawan jini ya sauka. Ba baƙon magani ba ne. Tun shekarun 1960 ake shan propranolol, kuma James Black da ya ƙirƙiro shi ya samu kyautar Nobel a 1988. Sai dai kafin jiki ya saba da shi akan sha 'yar wahala, kuma a nan ne mutane kan yi kuskure.

Kafin ka haɗiyi ƙwayar farko, zazzage wa likita komai. In kana da asma, faɗa masa, don wasu daga cikin magungunan nan, musamman propranolol, sukan matse hanyar numfashi. Nuna masa duk abin da kake sha. Verapamil da diltiazem su ma suna rage bugun zuciya, haɗa su da beta-bloka kan sa bugun ya yi ƙasa sosai. Ibuprofen da diclofenac kuwa, da ake sha don ciwon jiki ba tare da wani tunani ba, suna iya tayar da hawan jini.

Sai ka koyi ƙirga bugun zuciyarka. Zauna minti 5 ka huta, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Rubuta lambar a takarda tare da awon jininka, kullum a lokaci guda. Kada hankalinka ya tashi don ka ga 58 alhali a da 85 kake gani, maganin ne ke aikinsa. Amma in ya sauka ƙasa da 50 kana kuma jin jiri, ko numfashi na sarƙewa, ko ka suma, nemi likita ba tare da ɓata lokaci ba.

Yanzu ga abin da masu sha suka fi kuka da shi: kasala. Mutum ya hau matakala goma ya ji kamar an ɗaura masa dutse a ƙafa. Wani tafin hannunsa da ƙafarsa su yi sanyi ƙalau, wani ya riƙa mafarkai barkatai. Galibi abin yana raguwa cikin 'yan makonni. Kafin nan, in za ka tashi daga kwance, fara zama a bakin gado ka ɗan jinkirta, sannan ka miƙe. Carvedilol a sha shi da abinci, jirin ya fi sauƙi. Akwai kuma wanda maza ke jin nauyin faɗa, wato raunin mazakuta. A gani na shirun ya fi matsalar illa, don likita na iya rage yawan maganin ko ya sauya wani.

Mai ciwon suga ya ƙara lura. Bugawar ƙirji da rawar jiki da ke sanar da shi sugansa ya faɗi, maganin nan yakan ɓoye su. Gumi ne ke rage masa a matsayin alama, don haka ya yawaita awo.

In ka manta ba ka sha ba, sha da zarar ka tuna, sai fa in lokacin na gaba ya kusa, to ka bar wancan ya wuce. Kada ka haɗa biyu.

Abu mafi haɗari shi ne yanke maganin rana ɗaya, ko don ka gaji da kasala, ko don awo ya nuna jini ya daidaita. Zuciyar da aka daɗe ana riƙe wa linzami, in aka sake ta farat ɗaya, sai ta zabura: bugu ya ƙaru, jini ya hau, mai ciwon zuciya kuma yana iya samun ciwon ƙirji ko bugun zuciya mai kisa. In dainawa ta kama, likita ne zai riƙa rage maka kaɗan-kaɗan cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Saboda haka ka sayi sabon kwali tun ana saura ƙwayar kwana bakwai a tsohon.